A san musabbabin tabon takalmin fata kafin a lafta masa folish

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu na jaridarku mai farin jini domin in yi magana a kan wani abu da ake ɗauka ƙarami, alhali kuwa yana cin kuɗin magidanta kowace shekara, wato yadda muke riƙon takalman fata da abin da muke yi musu idan launinsu ya soma dabbare-dabbare. Al'adar da ta zama ruwan dare ita ce, da zarar mutum ya ga tabo ko wani wuri ya koɗe a takalminsa, sai ya miƙa wa yaro mai wankin takalma ya ce a lafta masa folish a goge har ya yi ƙyalli. Ƙyallin yakan kai yamma, amma bayan kwana biyu tabon ya dawo, sau da yawa ma ya fi da faɗi, domin an binne shi ne a ƙarƙashin kaki ba tare da an san abin da ya kawo shi ba.

Abin yana ba ni mamaki, ganin cewa mu ba baƙi ba ne a harkar fata. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ce fatake suka riƙa tsallakawa da ita hamada har ta isa Turai, inda aka san ta da sunan fatar Maroko, kuma lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya lissafa takalma cikin kayan da birnin ke fitarwa zuwa ƙasashe masu nisa. Har gobe majema suna jima da bagaruwa, dukawa suna ɗinki a Kurmi da Ƙofar Wambai. Sai dai ilimin da ke hannun waɗannan mutane bai isa ga mai sa takalmin ba. Abu na farko da ya kamata ya sani shi ne fatar takalman da muke sawa iri biyu ce. Akwai wadda aka jeme da bagaruwa, irin ta takalman gargajiya, wadda ke shan ruwa da mai nan take, kuma launinta ke sauyawa da zarar wani abu ya taɓa ta. Akwai kuma wadda masana'antu irin na Challawa da Sharaɗa ke jemewa da sinadarin kurom, wadda akasarin takalma sau-ciki na zuwa ofis da ita ake yin su, ita kuma yawanci an shafe samanta da fenti na musamman. Maganin da ya yi wa ɗaya aiki yana iya ɓata ɗayar.

Tabon da ya fi yawa a wurinmu na ruwa ne, kuma ba damina kaɗai ke kawo shi ba. Mutum zai yi alwala ya zura jiƙaƙƙiyar ƙafa a takalmi sau biyar a yini, sannan ya cire shi ya bar shi a ƙofar masallaci rana tana dukansa. Ruwan da ya shiga fatar yana tafiya da rini da gishirin gumi zuwa iyakar inda ya tsaya, idan ya bushe sai ya bar zobe mai duhu a gefensa. Shi ya sa za ka ga layi kamar an zana shi daidai inda yatsu ke lanƙwasawa. Gyaransa yana ba mutane mamaki, domin ƙara jiƙa wurin ake yi. A samu tsumma mai tsabta a tsoma a ruwa a matse sosai, a fara gogewa daga tsakiyar tabon ana fita waje har a kai ɗinkin da ya raba wannan ɓangaren da na kusa da shi, yadda danshin zai zama bai ɗaya kuma babu wata sabuwar iyaka da ruwan zai tsaya. Daga nan a cusa takarda a ciki domin ta riƙe siffar takalmin ta kuma tsotse danshi (tsohuwar jarida ma ta wadatar, in dai cikin takalmin ba fari ba ne, don tawada tana zuba), a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Kada a kai shi rana, kada a kara shi kusa da murhu, saboda zafi yana ƙanƙance fata ya busar da man da ke cikinta, kuma fatar da ta ƙone ta haka ba ta komawa yadda take.

Farin tabo shi ne ya fi rikita mutane, domin abubuwa uku ne ke fitowa da kama ɗaya. Idan gishirin gumi ne, zai zama layi mai ɗan kaushi a gefen takalmin, kuma ana cire shi da ruwan khal kashi ɗaya cikin ruwa kashi biyu, a goga a hankali, a bi da tsumma mai ɗan danshi. Idan hunhuna ce, wadda ke kama takalmin da aka kulle a leda ko a ƙarƙashin gado a watan Agusta, warinta kaɗai ya isa shaida. Ita sai a fitar da takalmin waje a kakkaɓe da buroshi, a goge ciki da waje da ruwan khal ɗin nan, a bar shi ya bushe sarai, in ba haka ba za ta dawo ko da an shafa folish gwangwani guda. Na ukun shi ne wanda mutane da yawa ba su sani ba: man da aka sa wa fatar tun a majema yakan taso ya daskare a sama lokacin sanyin hunturu, ya yi fari kamar an barbaɗa gari. Wannan ba shi da wari, kuma idan ka murza shi da yatsa ɗumin hannunka zai narkar da shi ya ɓace. Gogewa da busasshen tsumma ta ishe shi.

Tabon miya ko na man gyaɗa ba ya son ruwa ko kaɗan. A dangwale abin da ke sama ba tare da murzawa ba, a zuba hoda ko garin sitaci a kai, a bar shi ya kwana, da safe a kakkaɓe, a maimaita idan da saura.

Akwai kuma baƙin tabo mai ɗan shuɗi-shuɗi da ke fitowa a takalmin da aka jeme da bagaruwa, musamman kewayen ƙusa ko maɓallin ƙarfe, ko inda aka jingina shi jiƙe a jikin ƙofa mai tsatsa. Wannan ba datti ba ne. Sinadarin da ke cikin bagaruwa idan ya haɗu da ƙarfe da danshi baƙi yake komawa, kuma da wannan hikimar ce dukawa ke samun baƙin rininsu tun kaka da kakanni. Sabulu ba ya fitar da shi, ƙara masa duhu ma yake yi. Ruwan lemun tsami da aka ɗiga a ɗan auduga yakan rage shi idan bai daɗe ba, amma tilas a gwada a wani ɓoyayyen wuri tukuna, domin fatar da aka rina ja da karan dafi tana sauya launi idan tsami ko kanwa ya taɓa ta.

Inda launin ya koɗe da gaske, kamar hancin takalmi da ya gogu ko gefen da rana ta cinye, nan ne ake buƙatar mayar da launi, kuma nan ne aka fi yin ɓarna. Folish na gwangwani, irin su Kiwi, mafi yawansa kaki ne da ke zama a sama ya ba da ƙyalli, rinin da ke cikinsa kaɗan ne. Idan aka yi ta jibga shi a kan wurin da ya koɗe, sai ya taru ya yi ɓawo, ya tsattsage a inda takalmin ke lanƙwasawa, ƙura ta shige tsagar. Abin da ya dace shi ne a fara cire tsohon kakin da ya taru, a bar fatar ta bushe, a shafa man fata mai laushi irin na kirim wanda launinsa ya dace da na takalmin, siriri-siriri, ana bari kowane shafi ya sha kafin a ƙara wani. Idan ba a samu launin daidai ba, gara a ɗauki wanda ya ɗan fi haske, domin ana iya ƙara duhu daga baya amma ba a iya rage shi. Sai an gama wannan ne folish ke da amfani, shi ma ɗan kaɗan. Wanda fentin samansa ya ɓare har asalin fatar ta bayyana kuwa, aikin rini ne, a kai wa baduku ko ƙwararren mai gyaran takalma ya rine ɓangaren gaba ɗaya. A ganina, mayar da takalmi mai ruwan ƙasa baƙi saboda tabo guda asara ce da ba ta zama dole ba, ko da yake na san shi ne abin da masu gyara suka fi saurin ba da shawara a kai.

Ina jan hankalin jama'a game da kananzir da fetur da wasu ke tsinka folish da su ko su goge tabo, da kuma garin sabulun wanki. Dukkansu suna kwashe man da ke riƙe da laushin fata, bayan 'yan makonni sai ka ga takalmi ya bushe ya fara tsagewa. Man kaɗanya yana taimakon takalmin gargajiya a lokacin hunturu idan aka shafa ɗan mitsitsi, amma yana duhunta launi, don haka a shafe takalmin duka ko a bar shi. Fata mai gashi-gashi da ake kira suwed ba a kusantar ta da folish ko mai, buroshi kawai take so. Takalmin roba da aka yi wa kamannin fata kuwa, idan ya fara saɓulewa babu man da zai tsayar da shi.

Rigakafin ba shi da tsada. A tsane ƙafa bayan alwala, a kakkaɓe ƙura kullum kafin ta haɗu da danshi, kuma wanda Allah ya hore wa takalma biyu ya riƙa hutar da ɗaya yini guda domin gumin da ya sha ya fita.

Ba na ɗora laifi a kan yaran nan da ke yawo da akwatin katako suna ƙwanƙwasa shi da buroshi, domin abin da aka nuna musu suke yi, kuma mai takalmin ne ke matsa musu a kan ƙyalli. Amma muna da cibiyar binciken fata ta tarayya a Samaru, Zariya, muna da ƙungiyoyin dukawa da na masu gyaran takalma a manyan kasuwanninmu. Ina kira gare su da su shirya wa waɗannan matasa ɗan gajeren horo da Hausa a kan bambance nau'in fata da nau'in tabo, ina kuma roƙon jaridarku ta aika wakili ya zauna da majema da dukawa ya rubuto mana yadda su da kansu suke gyara fatar da launinta ya ɓaci.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Fagge, Kano.