Dajin Epping na Ingila da kufan da ke cikin dazuzzukanmu

Malam Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon fili a jaridarku domin in yi magana a kan wani tsohon daji na ƙasar Ingila, saboda labarinsa ya tayar mini da wani abu da ya daɗe yana damuna game da ƙasarmu ta Maraɗi.

Dajin Epping yana arewa maso gabashin Landan, kuma faɗinsa ya kai kimanin hekta 2,400. A cikinsa akwai ganuwar ƙasa guda biyu, Ambresbury Banks da Loughton Camp, waɗanda aka gina fiye da shekaru 2,000 da suka wuce, kuma har yau mai tafiya a ƙasa yana ganin tudun da ramin da ya kewaye shi, domin itatuwa sun rufe wurin, garma ba ta samu ta baje shi ba. Akwai kuma ɗakin kallon farauta da Sarki Henry na Takwas ya sa aka gina a 1543.

Su kansu itatuwan shaidu ne. Talakawan ƙauyukan kewaye suna da haƙƙin sare rassa don itacen wuta, sai su sare daga sama, inda bakin shanu da barewa ba ya kaiwa ga sabon toho, kamar dai yadda makiyayanmu suke yi wa gawo da rani. Da masu hali suka fara killace dajin, mutanen Loughton suka ƙi yarda, har aka kafa dokar 1878 wadda ta damƙa shi ga hukumar birnin Landan, ta kuma hana a killace shi ko a yi gini a ciki.

Ina yaro, kakana ya taɓa kai ni wani kufai a gefen dajin Baban Rafi. Ya tsuguna ya tono mini kashin maƙera, baƙi mai nauyi, ya nuna mini tsingaro mai zane da bakin tsofaffin ramukan marina, ya faɗi sunan mutanen da suka zauna wurin. Bara na koma, na tarar an sassabe wurin an shuka gero. Ban ga laifin manomin ba, domin iyali yake ciyarwa, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa darajar abin da ke ƙarƙashin hauyarsa. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ni kaina na manta sunan da kakana ya faɗa.

Saboda haka ina kira ga malaman tarihi na jami'ar Maraɗi da ma'aikatan gandun daji da masu sarautun gargajiya da su haɗa kai su zagaya dajin Baban Rafi da kewayen tafkin Madarunfa tare da dattawan ƙauyuka, a rubuta sunan kowane kufai, a ɗauki hotonsa, a sa shi a taswira, tun waɗannan dattawa suna da ƙarfin kai mutum wurin da ƙafarsu.

Naku mai karatu,
Wani tsohon malamin makaranta, Maraɗi