Godiya ga ma'aikatan bincike da suka bar ni da saƙata

Zuwa ga shugaba da ma'aikatan sashen binciken fasinjoji na filin jirgin saman da na tashi a watan jiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga ya dace in yi muku godiya a bainar jama'a, don masu sana'a irin tawa su ji.

Ni mai saƙa ce, sama da shekara 30 hannuna bai rabu da zare da kwarashi ba. Tafiya ta kama ni zuwa Amurka wurin 'yata da ta haihu, tikitin da aka saya mini kuwa na jakar hannu ne kaɗai, babu akwatin da zan jefa almakashi a ciki in huta. Ga bargon jaririn ya kai rabi, yana kan tsinkayen saƙa. Tun bayan harin 11 ga Satumbar 2001 aka tsananta bincike a kan duk wani abu mai kaifi ko tsini, kuma duk mai tafiya ya san kwandon nan da ake zuba abin da aka hana shiga da shi. Kwana uku ina juya maganar a raina. Almakashi ana sayen wani. Abin da ke damuna shi ne a zare tsinkayen daga jikin bargon, aikin wata biyu ya warware a gabana.

Sai na aiko muku da tambaya ta imel, kuka amsa filla-filla. Kun ce allurar ɗinki da kwarashi da tsinken saƙa duk suna wucewa. Almakashi kuwa kada bakinsa ya wuce santimita 6, kuma ana awon ne daga ƙusar da ta haɗa bakunan biyu zuwa tsini, ba a haɗawa da mariƙi. Wannan ɗan bayanin awon shi ya fi yi mini amfani, domin ni da mariƙin nake aunawa, har na fid da rai da ɗan almakashina. Daga baya na ga ma'aunin nan shi ne a Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai.

Kun kuma tuna mini abin da ban tambaya ba: dawowa. Kowace ƙasa da dokarta, kuma a can za a bincike ni in zan taso. Hukumar TSA, mai binciken fasinjoji a filayen jiragen saman Amurka, tana barin almakashin da bakinsa bai kai inci 4 ba, wato wajen santimita 10, amma ba ta yarda a shiga da ɗan faifan yankan zaren nan mai reza a ɓoye, wanda wasunmu ke ratayawa a wuya. Ina da shi, kuma da shi na yi niyyar tafiya don ina ganin ya fi almakashi sauƙi. Na ajiye shi a gida. Ba ku ɓoye mini ba cewa magana ta ƙarshe tana hannun jami'in da ke bakin aiki a ranar, shi ya sa na ɗauki tsinkaye na gora, na zuba ƙananan kayan a jaka mai nuna abin da ke ciki, na kuma zura wani zare daban ta cikin madaukan layin ƙarshe, ko da za a karɓe tsinkayen, saƙar ba za ta zube ba.

Ranar tafiya na'ura ta ware jakata gefe, gabana ya faɗi. Wata yarinya a cikinku, sa'ar autata, ta ce: "Mama, na ga abu mai tsini a ciki, zan buɗe a gabanki." Ta fito da almakashin, ta ɗora shi a kan ma'auni, ta nuna mini bai kai iyaka ba, ta mayar. Da ta zo kan bargon sai ta tallafe shi da hannu biyu, ta ga madaukai sun matso bakin tsinke, ta tsaya. Ta ce: "Mama, ki gyara da kanki, kada in ɓata miki." Na tura su baya, ta duba tsinkayen tun daga tsini har gindi, ta lalube ƙwallon zaren da yatsunta, sannan ta ce in naɗe kayana. Layi ya yi tsawo a bayana, amma ba ta gaggauta ni ba, ba ta kuma rage komai daga bincikenta ba. Na ce: "Allah ya yi miki albarka, 'yata." Ta ce amin, ta jawo jaka ta gaba.

Na yi saƙata a cikin jirgi, ban da lokacin tashi da sauka da na mayar da tsinkayen jaka. Saura gefe ɗaya muka sauka, na ƙarasa shi a kwana na biyu, aka lulluɓe jikana da shi.

Ina roƙon shugaba ya isar mini da godiyata ga wanda ya amsa wasiƙata, da yarinyar nan da ban san sunanta ba. Allah ya saka muku da alheri, ya tsare ku a bakin aikinku.

Taku mai godiya,
Wata kaka mai saƙa