Wasiƙa zuwa ga edita: sau uku aka kira ta ƙwayar zubar da ciki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da sauran ma'aikatan gidanku.

Tun daren Talata raina yake a ɓace. A shirinku na rediyo na daren nan, sau uku baƙonku, wani malami, ya kira ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa da sunan "ƙwayar zubar da ciki", na ƙirga da kaina, kuma duk sau ukun mai gabatar da shirin ya amsa masa da "haka ne, Malam". Da wata ungozoma ta samu layi ta fara cewa a yi haƙuri, ba haka maganin yake aiki ba, ko numfashi ba ta sauke ba kuka katse ta, kuka sako mana tallar maganin basir. Aka dawo daga talla, babu wanda ya ƙara ambaton ta. Wallahi sai da na ajiye akwatin rediyon na fita tsakar gida, don hannuna rawa yake yi.

Ina girmama malamai, a hannunsu na tashi. Amma sanin magani aikin likita ne, kuma abin da aka faɗa a daren nan ba gaskiya ba ne. Na san haka ne ta hanyar da ba na yi wa kowace uwa fatan ta bi.

Ni na riƙe ɗiyar ƙanwata tun rasuwar uwarta. Shekara uku da suka wuce tana da shekara 15, tana aji uku a kwaleji, in ta taso daga lakwal takan ɗauki awara ta kai wajen tasha. Wata ranar Alhamis ba ta dawo ba har aka yi isha'i. Da ta shigo babu faranti, babu kuɗin ciniki, takalmi ƙafa ɗaya, hijabinta a yage ta wajen wuya. Ta wuce ɗaka ta kwanta ta juya fuska ga bango. Na yi ta faɗa a kan farantin, Allah Ya yafe mini. Sai da asuba ta riƙe mini zani ta ce, "Inna, wani ne ya ce zai saye duka, in biyo shi ya ba ni kuɗi." Daga nan kuka ya ci ƙarfinta.

Me na yi? Abin da aka koya mana na yi. Na dafa ruwan zafi da bagaruwa. Na kira yayanmu, ya ce a rufa asiri, in maganar ta fita wa zai aure ta. Aka karɓo rubutu ta sha. Muka zauna muna jiran Allah Ya kiyaye, alhali daga ƙofar gidana zuwa likita ko jaka guda ba zan biya ɗan kabu-kabu ba. Sai a kwana na tara, da zazzaɓi ya rufe ta, na kai ta. Ungozomar da muka tarar ta tambaye ni yaushe abin ya faru. Da na gaya mata, ta ajiye biro, ta dube ni ta ce, "Hajiya, da cikin kwana uku kika kawo ta." Har gobe ina jin wannan magana a kunnena.

Ita ta zaunar da ni ta yi mini bayani, kuma shi ne bayanin da kuka hana mutanen Maraɗi ji. Ƙwaya ce guda ɗaya, a farmasi ana samun ta da sunan Norlevo. Aikinta ta jinkirta fitowar ƙwan mace, don kada cikin ya shiga tun farko. In ciki ya riga ya zauna ba ta fitar da shi, ba ta kuma taɓa abin da ke cikin. Gwargwadon saurin shanta gwargwadon amfaninta, an fi so cikin awa 72, bayan nan ƙarfinta raguwa yake yi, in an wuce kwana biyar an makara. Ba ta hana ɗaukar cuta, kuma ba a mayar da ita maganin kullum. Ta ƙara gaya mini akwai wani maganin daban da ake ba wadda aka yi wa fyaɗe don kare ta daga sida, shi ma cikin awa 72 ake fara shi, a sha kwana 28. Duka biyun sun wuce mu, muna zaune da tukunyar bagaruwa.

Ciki ya shiga. Tana da shekara 16 aka yi mata aiki aka ciro yaron, don ƙugunta bai isa haihuwa ba. Yaron yana nan, muna son shi, ba shi da laifin komai. Amma yarinyar da take zuwa ta biyu ko ta uku a ajinsu ba ta zauna jarrabawar BEPC ta gama kwaleji ba. An ce mini akwai dokar da ta ba irinta damar komawa aji bayan haihuwa. Na lallashe ta har na gaji. Ta ce, "Inna, da wane ido zan dubi mushe?" Littattafanta suna nan cikin kwali ƙarƙashin gado, ta hana a taɓa su, ta kuma ƙi buɗe su.

To, Malam Edita, ka dubi Allah ka gaya mini, a daren Talata uwa nawa ce take zaune a halin da na shiga, ɗiyarta na kwance ta juya fuska ga bango, ta kunna rediyonku ta ji an ce wannan ƙwaya kisan kai ce? Wannan uwar ba za ta je likita ba. Ku kuka tare mata hanya.

Baƙon naku ya yi ta magana kamar duk yarinyar da ta nemi irin wannan magani 'yar iska ce. Shin a Maraɗin nan yake zaune? Binciken ƙasa na 2012 ya nuna 'yan mata uku cikin huɗu a Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18, a jiharmu kuwa kusan tara cikin goma. Yawancin 'yan shekara 16 da 17 da ke zuwa awo matan aure ne, da goyo a baya, wani cikin a gaba. Ya je Danja, nan kusa da mu, ya ga masu jiran aikin yoyon fitsari, ya tambayi shekarun da suka yi haihuwar fari. Tun 2006 gwamnati ta mayar da maganin tazarar haihuwa kyauta a likitocinta, amma amarya 'yar shekara 16 tana jin kunyar tambaya, saboda irin maganganun da kuke watsawa. Wadda kunya ta hana zuwa likita kuwa, wajen mai tallar magani a faranti take ƙarewa, ya ciro mata abin da rana ta gama dafawa, ya ce ta sha huɗu.

Ban ce a raba wa yara ƙwayoyi a bakin lakwal ba, kada wani ya ɗora mini abin da ban faɗa ba. Tarbiyya tana wuyanmu, kuma ina tsoron Allah a kan 'ya'yana kamar kowa. Abin da nake nema a wurinku shi ne ku gyara ƙaryar da aka yi a gidanku. Ku nemo ungozomar nan, lambarta tana cikin wayarku. Ku ba ta shirin sukutum, a daidai lokacin da kuka ba Malam, ta yi magana da Hausar da kakata za ta gane, ba da faransancin likita ba. Ta faɗi kwana ukun nan, ta maimaita, ta gaya wa iyaye inda za su nufa ko da tsakar dare ne. In Malam yana so ya zo ya zauna kusa da ita ya yi tambayoyinsa, bismillah. Amma kada a ƙara katse ta.

Tun da na ɗauki biro, bari in ƙara da wannan. Yaron da kuka sa karanta sanarwar rasuwa da safe yana gudu kamar ana korar shi, kuma yana murɗe sunayen garuruwa. Watan jiya surukar maƙwabciyata ta rasu a wani ƙauye na wajen Tibiri, ya kira sunan wani gari daban, 'yan uwa biyu suka kashe kuɗin mota suka nufi wajen Madarunfa, ba su samu jana'iza ba. Mutane kuɗi suke biya a karanta musu sanarwar nan. A sa babba ya zauna da shi.

Zan kunna rediyo Talata mai zuwa. Ita ma yarinyar ta ce za ta saurara.

Wassalam.

Mai sauraronku,
daga unguwar Zariya, Maraɗi