Rahoton shekara: saba ɗaya, shafi biyu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mitin ƙungiyarmu na wata-wata an yi su a Aboabo kamar kullum, masu zuwa sun san kansu.

Babban aikinmu bana shi ne ɗora shafin rajistar makarantar dare a kan saba, wato kwamfutar haya da tsohon shafinmu yake kai, don kuɗin hayar wata sabar babu. Wata ranar Asabar tun bayan azahar muna shagon ma'aji, laftof biyu da fanka ɗaya. Muka ƙara suna a DNS, wato rajistar sunayen shafukan intanet, ya nuna IP ɗin da muke da shi, wato lambar adireshin sabarmu, sannan muka sa manhajar Nginx a bakin ƙofa, duk wanda ya shigo ta fot 80 ko 443, ƙofofin da ake shiga shafi ta su, sai ya duba sunan da aka nema, in na makaranta ne ya miƙa shi ciki da umarnin proxy_pass zuwa 127.0.0.1:8080, inda manhajar makarantar take a cikin sabar. Sai shafin ya kama juyi a wuri ɗaya ya ƙi buɗewa, ashe manhajar da ke ciki ba ta san baƙo ta https, wato hanya mai tsaro, ya shigo ba, sai ta yi ta mayar da shi can. Ƙaninmu ɗan jami'ar KNUST da ko magana ba ya yi a mitin shi ya ce a ƙara X-Forwarded-Proto da Host, bayanan da ke gaya wa manhajar ta inda baƙo ya shigo da sunan da ya nema. Aka buga nginx -t don gwada saitin, aka sake lodawa, wallahi sai ga alamar kwaɗo, wato makullin tsaro, a saman wayar kowa, shago ya kaure da kabbara. Satifiket ɗin tsaron shafin na Let's Encrypt ne, kyauta, kwana 90 yake yi kuma manhajar certbot na sabunta shi da kanta. Hajiya ta aiko da tuwon zafi, Allah ya saka mata.

Masu tambayar ina imel ɗin ƙungiya, ina ajiyar bayanai da aka yi alkawari, to ba lalaci ba ne. Ajiya wuri take so kuma wurin haya ne, har yau kwafin komai a filash ɗin mutum ɗaya yake. Kuɗin saba ma daga aljihun ma'aji ya fita wata da watanni. Na gaji da bin manya da “yaya, kuɗin wata fa?”, a WhatsApp kowa injiniya ne, in an zo MoMo, tura kuɗi ta waya, sai netwok ya ɗauke.

Lokacin sabunta sunan shafi ya kusa, in ya faɗi shafukan duka biyun za su tafi tare. A tura wa ma'aji kuɗin kafin mitin mai zuwa, a rubuta suna don Allah.