Godiya ga Alhajin garejin motoci na Berger

Assalamu alaikum Alhaji, kai da yaran gareji baki ɗaya.

Na kawo wannan godiya bainar jama'a ne saboda 'yan'uwanmu na Agege da Idi-Araba da ke ɗari-ɗari da kasuwar motoci ta Berger a nan Legas, wai duk wanda ya je sayen tokumbo sai an yi masa sakiyar da ba ruwa. To, su ji yadda tawa ta kasance a wurinka.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, motata, jif ƙirar Toyota Sequoia, ta zame mini ƙarfen ƙafa. Injin V8 ne mai lita 5.7, a gosulon Oshodi kana zaune kana kallon allurar mai tana yin ƙasa. Ga iyali da yawa, kuma idan za mu gida da Sallah, daga bakin kwalta zuwa ƙauyenmu yashi ne da taɓo, sai motar da duk ƙafafunta huɗu ke ja. Ƙaramar mota ba za ta yi mini ba.

Idona ya faɗa kan wata baƙar jif 'yar Amurka, fenti na ta ƙyalli. Har na fara taya ta, sai ka ce, "Malam, dakata." Da hannunka ka ɗaga kafet ɗin ƙarƙashin kujerar direba, ga tsatsa a kan kusoshi, ga busasshiyar laka a jikin wayoyi. Ka ce ambaliya ta taɓa cin ta a can, ko an wanke ta, wayarin ɗin zai riƙa ba da matsala, ta masu cire kayan gyara ce, ba ta mai ɗaukar yara ba. Wallahi da ka yi shiru da ban gane ba, kuma ribarka ta fi yawa a kanta.

Sai ka nuna mini Prado mai silinda huɗu, lita 2.7, kujera bakwai. Ba ka ɓoye mini ba cewa idan ta cika da kaya ba ta da kuzarin wadda na saba, amma za ta rage mini kuɗin fetur. Na ɗauko bakanikena daga kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo, ya shiga ƙarƙashi ya duba giya da ƙafafu, ya jona kwamfuta, babu yaron da ya ɗaure masa fuska. Lambar shasi muka bi harafi-harafi, duka 17 ɗin, ta yi daidai da takardun kwastam.

Tsohuwar motata Sequoia kuma ka samo mini mai saye, ka sayar da ita a gabana, mai saye yana jin farashi, ina ji, ka ɗauki la'adar da muka yi magana ba ƙari. Dillalai nawa ke yarda mai mota da mai saye su ga juna?

Yaron nan naka da ya yi ta zirga-zirgar takardun canjin mallaka har suka fito da sunana, a ƙara masa albashi, Alhaji, ya cancanta.

Allah ya ƙara buɗi, ya tsare dukiya, ya raya zuri'a.

Naka,
wani ɗan kasuwa mazaunin Agege, Legas.