Ɗan Arba'in Bai Makara Ba Wajen Neman Takardar Netwok

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin in yi magana da tsararrakina, masu shekara arba'in zuwa hamsin da ke cin abinci da kwamfuta a nan Kaduna, waɗanda suka fara jin kamar zamani ya wuce su.

Yawancinmu mun shigo harkar ne a zamanin kafen intanet, bayan zuwan wayar salula a 2001. A bakin aiki muka koyi jan waya da matse kanta, ba a aji ba. Akwai mutanen da ko daga barci ka tashe su za su jero maka launukan wayar netwok guda takwas, tun daga fari da ruwan lemu har zuwa ruwan ƙasa, ba tare da sun yi tuntuɓe ba. Amma yau idan banki ko asibiti ko ƙungiyar agaji za ta ba da aikin haɗa kwamfutocinta, abin da ake fara tambaya shi ne takardar shaidar ƙwarewa. Sai ka ga yaron da aka haifa a gabanka ya karɓi kwangilar, ya dawo ya ɗauke ka aikin yini.

Wannan abu yana tuna mini da iyayenmu na Kakuri. Lokacin da masaƙar KTL ta rufe a 2002, akwai ƙwararrun da suka san injinsu ciki da waje, amma ba su da wata shaida da za su nuna a wani wuri. Ƙwarewar tasu ta tsaya a bakin ƙofar masaƙar. Ba na so mu ma a wayi gari haka.

Ni ina da shekara arba'in da huɗu na zauna jarrabawar CCNA ta kamfanin Cisco, wato jarrabawar samun takardar ƙwarewa a haɗa netwok, kuma zan faɗi abin da na gani. Takardar ta buɗe mini ƙofa, gaskiya ne, amma karatun da na yi kafin in same ta ya fi ta amfani. Wata makaranta mai zaman kanta a Barnawa ta taɓa kirana, intanet ɗinsu ya tsaya cak. Masu gyara sun zo sun kashe na'ura sun kunna, sun ce laifin kamfanin da ke ba su sabis ne. Da na buɗe akwatin, sai na ga fitilun suwicin, wato na'urar da wayoyin kwamfutoci ke haɗuwa a jikinta, duka suna ƙyaftawa tare, da sauri, babu hutawa. Ashe wani ne ya tsinci waya tana reto, ya soke bakinta biyu a suwici ɗaya, saƙonni suka yi ta zagaye har suka toshe komai. Zare waya ɗaya ya gama maganar. Karatun ne ya sa idona ya san abin da fitilun ke faɗa, ya kuma sa na san irin suwicin da zan ba su shawara su saya don kada hakan ta sake faruwa.

A nan ne mai shekaru ya fi yaro. Shi yaron yana haddace yadda ake raba adireshin IP, wato lambar da ake gane kowace na'ura da ita a netwok, da yadda ake ware VLAN, wato kasa netwok ɗaya gida-gida, ba tare da ya taɓa shan ƙura a cikin silin ba. Kai kuwa duk babin da ka buɗe, akwai wata matsala da ka taɓa karo da ita a Kawo ko Unguwar Rimi wadda za ta faɗo maka a rai, sai ka ce au, ashe dalilin ke nan. Kuma jarrabawar ba ta tambayar ranar haihuwa, saɓanin tallan aikin da ake cewa kada mai nema ya wuce shekara kaza.

Ba zan ɓoye wahalar ba. Kuɗin CCNA dala 300 ne, kuma tun da aka saki darajar naira a 2023 wannan kuɗi ya zama abin da magidanci zai auna da kuɗin makarantar 'ya'yansa. Jarrabawar awa biyu ce, da Turanci, kuma takardar shekara uku take yi a sabunta ta. Ga karatun dare bayan gajiyar yini, wani lokaci babu wuta. Saboda haka kada kowa ya biya sai ya shirya. Manhajar Packet Tracer, wadda ake gwajin haɗa netwok da ita a kan kwamfuta, kyauta ce ga wanda ya yi rajista da makarantar Cisco ta intanet, kuma tsohuwar laftof ma tana ɗaukarta. A kuma duba kasuwa kafin a zaɓa: wanda abokan cinikinsa otal-otal ne da masu sayar da intanet a unguwa, watakila jarrabawar MTCNA ta kamfanin MikroTik ta fi masa, tunda na'urorinsu ne suka cika wuraren nan. Mai farawa kuma yana iya somawa da Network+ ta CompTIA. Masu sayen tambayoyi su haddace kuwa, ranar da aka tsayar da su gaban na'ura asirinsu zai tonu, kuma su ne ke zubar wa sauranmu mutunci.

Roƙona ga gwamnatin jiha da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, shi ne su tuna da mu. Shirin 3MTT na gwamnatin tarayya na horar da mutane fasahar zamani da aka fara a 2023 abin yabo ne, amma duk inda ake maganar fasaha sunan matasa ake kira. Mu ba sai an koya mana daga farko ba. A ware wani kaso na biyan rabin kuɗin jarrabawa ga masu sana'ar da suka haura arba'in, a kuma buɗe musu ajin yamma a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, inda za su taɓa rauta, wato na'urar da ke haɗa netwok da wani netwok, da suwici na gaske bayan sun tashi daga aiki.

Na gode.

Wani mai haɗa netwok,
Tudun Wada, Kaduna