Godiya ga wani shagon gyaran kwamfuta na titin Beirut, Kano

Assalamu alaikum Injiniya, kai da yaran shagonka baki ɗaya.

Na zaɓi in rubuta wannan godiya a fili ne, domin abin da kuka yi mini ya fi ƙarfin a ce "Allah ya saka" a bakin ƙofa a wuce. Ina da ɗan situdiyo a wajajen Zoo Road, inda nake ɗaukar waƙoƙin biki da na bege. Duk ɗan sana'ar nan ya san waƙa guda takan ci layin sauti sama da 40: muryar mawaƙi, 'yan amshi kowa da nasa layin, fiyano, kalangu, mandiri, sarewa. Da aiki ya yi nauyi haka, sai kwamfutata ta fara ƙas-ƙas, sauti na tsinkewa, ma'aunin nauyi na Cubase, manhajar da nake ɗaukar waƙa da ita, ya cika ya yi ja. Mawaƙi yana tsaye gaban makirfo, murya ta buɗe, baiti ya zo masa, sai in ce ya dakata. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Na zo shagonku da kuɗin sayen wata kwamfutar, kuma ga su nan jere kuna sayarwa. Ka ce in mayar da kuɗin aljihu tukuna, a buɗe waƙar da ta fi ba ni wahala a gani.

Ranka ya daɗe, bayanin da ka yi mini a kan bofa, wato yawan sautin da kwamfuta ke ɗiba a lokaci guda, har yanzu shi nake maimaita wa yarana. Ka ce kwamfuta tana ɗiban sauti ne kamar mai jan ruwa a rijiya: in gugan ƙarami ne ruwa na zuwa da wuri amma hannu ba ya hutawa, in babba ne ana hutawa amma sai an jira. A saurin ɗaukar ɗigon sauti 48,000 a daƙiƙa, bofa 128 jinkirinta bai kai kashi 3 cikin 1,000 na daƙiƙa ba, ita kuwa 1024 ta haura kashi 21, wanda ya isa ya rikita mawaƙin da ke jin kansa a abin kunne. Saboda haka lokacin ɗaukar murya a rage ta, lokacin tace waƙa a ɗaga ta, tunda a nan babu wanda jinkiri zai dama. Ka kuma nuna mini maɓallin da ke jikin na'urar sautina ta Focusrite, wanda ke mayar wa mawaƙi muryarsa kai tsaye ba tare da ta bi ta cikin kwamfuta ba. Da shi ko bofar tana sama ana iya ɗauka lafiya.

Sai ka zauna kan layukan ɗaya bayan ɗaya. 'Yan amshi kowanne yana ɗauke da nasa filogin (ƙaramar manhajar gyaran sauti) na amsa-kuwwa, ka cire su duka, ka buɗe layi guda ka ɗora ɗaya, kowa yana aika muryarsa can. Nauyi ya sauka nan take, kuma ni a kunnena amshin ya fi haɗuwa, sai ka ji mutanen kamar a ɗaki ɗaya suke. Kiɗan fiyano da aka riga aka gama shiryawa, da muryoyin da aka gyara da manhajar daidaita murya ta Auto-Tune, ka daskarar da su, wato kwamfuta ta mayar da su sauti ɗauka-gama ta daina lissafa su duk lokacin da aka kunna. In an so gyara, a narkar a gyara a sake daskarewa.

Yaronka mai kwance na'ura shi ma ya cancanci yabo. Da ya buɗe bayan kwamfutar, ƙurar hunturu ta yi dunƙule a bakin fanka, man da ke kan firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya bushe ƙamas. Ya ce in firosesa ta yi zafi, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, kuma ka san zafin Kano a watan Afrilu. Ya share, ya sa sabon mai, ya saita Windows yadda ba za ta riƙa tsimin wuta ana cikin aiki ba. Abu ɗaya kawai kuka ce in saya: faifan ajiya na SSD, domin tsohon mai juyawa yana wahala wajen tsalle tsakanin fayil 40 a lokaci guda. Kuɗinsa da na aikin duka ba su kama ƙafar abin da na zo da shi ba, ragowar na sayi makirfo na biyu.

Yanzu ƙungiyar mandiri takan shigo da mutanenta, mu ɗauki ƙasida daga farko har ƙarshe ban ce wa kowa ya dakata ba. 'Yan'uwana masu situdiyo da suka tambaye ni, na kwatanta musu shagon, na ce su tafi da waƙar da ta fi nauyi a hannunsu.

Injiniya, Allah ya sa albarka a kasuwarka, ya jiƙan magabata, ya raya yaran da kake koya wa sana'a.

Naka,
Mai ɗan situdiyo a Zoo Road, Kano